Ana cutar da mutanen da nake kula da su, amma bizata na hannun manaja

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana da garin da nake. Na zo Ingila a 2023 da bizar aikin kula da mutane, mijina da yaranmu biyu duk a kan takardata suke zaune. Ina aiki a wani gida mai mutum shida, dukansu manya ne masu lalurar jinkirin fahimta, wasunsu ko magana ba sa yi. Da farko aikin ya yi min daɗi, amma tun da aka canza manaja bara komai ya taɓarɓare. Sau da yawa mu biyu ne a bakin aiki inda ya kamata a ce mu huɗu ne. Akwai wani bawan Allah da ya haura shekara arba'in, ba ya magana, babu abin da yake so a duniya kamar a fita da shi ya hau bas. Ƙaramar hukuma na biyan kuɗin ma'aikacin da zai riƙa fita da shi kullum, amma sai ya yi mako biyu bai taka ƙofar waje ba, kuma a rubuta a kundi cewa ya fita. Idan ya ƙosa ya fara buga kansa a bango, sai a ɗura masa ƙwayar kwantar da hankali, ya wuni yana gyangyaɗi yawu na zuba. Kicin kullum a kulle, ƙarfe bakwai an kwantar da kowa. Akwai kuma wata mata da cikinta ya kumbura, ta rage cin abinci, na tabbata ta fi mako ba ta zagaya ba, amma takardarta na nuna lafiya lau. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, na sa hannu a irin wannan rubutu, don an ce in sa. Da na yi wa manaja magana sai ta ce hukuma ta ba gidan shaidar “mai kyau”, kuma in tuna wanda ya ɗauki nauyin bizata. Mijina ya ce in ja bakina in yi shiru har mu samu takardar zama, ba ƙasarmu ba ce. Abokiyar aikina da muka shaƙu ita ma baƙuwa ce, in na yi magana har ita zai shafa. Mahaifiyar mutumin nan tana zuwa duk Lahadi, ta riƙe hannuna tana yi min godiya. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Zan fara da matar nan mai kumburin ciki, domin ita ba maganar gobe ba ce. Idan kin shiga aiki yau, ki gaya wa babban da ke kan aiki cewa a kira likitanta ko a buga 111, layin neman shawarar lafiya, in ya yi miki hanya-hanya ki ɗauki waya ki buga da kanki. Idan kuwa ta fara amai, ko jikinta ya yi zafi, ko cikin ya yi tauri tana murƙususu, 999, layin agajin gaggawa, za ki kira kai tsaye. Mutane na raina taurin ciki, amma ga wanda ba ya iya cewa “nan ke min ciwo” yana kashewa, musamman da yake magungunan kwantar da hankali da na farfaɗiya da yawancinsu ke sha suna ƙara ɗaure ciki. A 2012 wani matashi mai suna Richard Handley, ɗan shekara 33 mai lalurar Down, ya rasu a asibitin Ipswich da wannan matsala, bayan an cire masa bahaya mai nauyin kimanin kilo 10. Binciken da aka yi kan mutuwarsa ya gano sakaci mai muni wajen kula da shi. Kiran likita ga marar lafiya aikinki ne da aka ɗauke ki dominsa, ba kai ƙarar kowa ba ne. Bayan kin kira, ki rubuta a kundinta abin da kika gani da idonki, da lokacin da kika kira, da abin da aka ce miki.

To, yanzu ke. Na karanta wasiƙarki zuciyata na ƙuna, kuma ban ga matsoraciya a ciki ba. Na ga uwa mai yara biyu a ƙasar da ba ta da kowa, wadda aka ɗora wa wuƙa a wuya, duk da haka ta je ta tunkari manaja. Tsoron da kike ji ba shirme ba ne, ba zan ce miki ki watsar da shi ba. Abin da nake so shi ne mu tsara abin yi ta yadda mutanen nan shida za su tsira, ke ma ba ki jefa iyalinki a rami ba.

Abubuwan da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma in za ki yi magana gara ki san wanne ne wanne. Kulle kicin kaɗai ba lallai ya zama laifi ba. Akwai wanda lalurarsa ke sa shi ci ba ƙoshi, akwai wanda wuƙa ko tafasasshen ruwa haɗari ne gare shi. Sai dai dokar 2005 da ta shafi mutanen da ba sa iya yanke wa kansu shawara ta ce duk takurawar da za a yi wa mutum sai ta zama don amfaninsa shi, kuma a zaɓi mafi sauƙi. Idan za a tauye wa mutum 'yancin fita a irin gidanku, sai an nemi izinin ƙaramar hukuma ta tsarin da ake kira DoLS, a rubuce, da sunansa. Ki duba kundin kowannensu. Idan don mutum ɗaya aka kulle kicin sauran biyar suka rasa damar haɗa wa kansu shayi, ko kuma don ma'aikata su huta ne, wannan shi ne irin dokar bai-ɗaya da hukumar CQC, mai sa ido a kan gidajen kula da mutane a Ingila, ke ƙyama. Haka kwantar da dattijo ɗan shekara arba'in da ƙarfe bakwai kamar jariri. Tun 2020 CQC ta fitar da jagora ta musamman kan irin waɗannan gidaje, kuma tushenta shi ne mai wannan lalura ya yi rayuwa irin ta kowa: ya zaɓi lokacin kwanciyarsa, ya fita kasuwa, ya ga danginsa.

Batun ƙwaya ya fi wannan nauyi. Maganin da ake rubutawa PRN, wato a ba da shi idan buƙata ta taso, yana zuwa ne da ƙa'ida a rubuce: wane hali ne zai sa a ba shi, me za a gwada kafin a kai ga ƙwaya, sau nawa a yini, kuma me ya biyo baya. Mutumin nan ba ya magana, buga kan nan shi ne maganarsa, kuma ke kin riga kin fahimci abin da yake faɗa: a fita da ni. Wani lokaci ma ciwon haƙori ne ko na kunne ke sa su haka, shi ya sa ya kamata likita ya duba shi. Amsa masa da ƙwaya saboda babu ma'aikata ɗaure shi ne da magani. Matsalar ta yi yawa a Ingila har a 2015 hukumomin lafiya suka ƙiyasta manya 30,000 zuwa 35,000 masu wannan lalura na shan magungunan taɓin hankali ba tare da ciwon da ya wajabta ba, abin da ya sa aka ƙaddamar da shirin STOMP a 2016 don a rage. Idan kika ambaci wannan ga jami'in ƙaramar hukuma, ba baƙon zance za ki kai masa ba.

Amma a ganina mafi muni duka shi ne rubutun ƙarya. Likita da kundi yake aiki, jami'ar walwala da kundi take aiki, mai bincike ma kundin zai buɗe. Wanda ba ya magana kundinsa ne bakinsa. Ranar da aka rubuta “ya fita ya hau bas” alhali yana kan kujera yana gyangyaɗi, an toshe duk wata ƙofa da taimako zai shigo masa, an kuma karɓi kuɗin jama'a a kan aikin da ba a yi ba.

Shaidar “mai kyau” da manaja ke taƙama da ita kada ta rufe miki baki. CQC na da matakai huɗu, daga mafi inganci zuwa wanda ya gaza, kuma shaida tana nuna abin da aka tarar ne ranar da aka zo, wataƙila shekaru kafin wannan manajar ta karɓi gidan. Whorlton Hall, wani asibitin masu irin wannan lalura a yankin Durham, shaidar “mai kyau” yake riƙe da ita a 2019 lokacin da shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ma'aikata ke muzgunawa da tsoratar da marasa lafiya. Kafin shi an yi irin haka a Winterbourne View, wani asibitin irinsa kusa da Bristol, a 2011, inda ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure shida. A can wani babban ma'aikacin jinya ya kai kuka wurin shugabanninsa da wurin CQC ba a saurare shi ba, sai da ya dangana da 'yan jarida. Na kawo miki wannan ne don abu biyu. Irin wannan ɓarna kusan kullum ma'aikaci na ciki ne ke fara ganinta, kuma hukuma ma takan yi barci, saboda haka ba ƙofa ɗaya za ki ƙwanƙwasa ba, ba kuma sau ɗaya ba.

Ita manajar, ba zan yi saurin kiranta muguwa ba. Kowa a wannan sana'a ya san ƙarancin ma'aikata da yadda masu gidaje ke matsa wa manajoji su rage kashe kuɗi, ƙila ita ma daga sama ake danne ta. Amma hanyar da doka ta ba ta ita ce ta gaya wa ƙaramar hukuma cewa ba ta iya cika sa'o'in da ake biya. Ta zaɓi ta ɓoye, sannan ta yi miki barazana da biza. Wannan barazana ita kanta abin kai rahoto ce. Ki rubuta ranar da ta faɗa, da kalmominta yadda suka fito, da wanda ke wurin.

Mijinki kuma ki yi masa uzuri. Yana kallon yara, yana tuna kuɗin da kuka kashe kafin ku zo, da mutanen gida da ke jiran aike. Kada ki tunkare shi da wa'azi, ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci ki nuna masa lissafin da bai yi ba. Yana ganin shiru shi ne tsira, alhali shirun nan rijiya ce da aka rufe da tabarma. Tun 2015 doka a Ingila ta mai da muzgunawa ko sakaci da gangan daga ma'aikacin kula da mutane laifi mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar, ana kuma iya sa sunan mutum a jerin DBS na waɗanda aka haramta wa wannan aiki. In Allah ya kiyaye wani abu ya sami matar nan, sa hannun wa za a gani a takarda? Ba na manaja ba. Sannan ko kin yi shiru, wani na iya tona asirin gobe, ko a ƙwace wa kamfanin lasisin ɗaukar nauyin baƙi. Gwamnati da kanta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke irin wannan lasisi sama da 470 a fannin kula da mutane, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A ranar nan wanda ya riga ya yi magana da wanda aka samu da sa hannu yana shiru ba matsayinsu ɗaya ba. Bayan ya ji wannan, sai ki tuna masa hadisin da ke cikin Bukhari, cewa ba a taimakonmu ba a kuma azurta mu sai saboda raunananmu. A gidanku abin a zahiri yake, domin abincin da ke kan teburinku ta hannun mutanen nan shida Allah ya kawo shi.

Dole kuma in gaya miki iyakar kariyar da kike da ita, don kada ki shiga da ido rufe. Dokar kare masu kwarmato ta 1998 ta shafe ki ko da ke baƙuwa ce, tun daga ranar da kika fara aiki. Ta hana a kore ki, ko a rage miki sa'o'i, ko a tsangwame ki saboda kin faɗi gaskiya ga mai aikinki ko ga CQC. Amma kotun ma'aikata hakkinki na aiki take dubawa, ba ita ke ba da biza ba. Idan suka kore ki, ko da a kan zalunci ne, za su sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma yawanci takan aiko da wasiƙa ta ba mutum kwana 60 ya samu wani mai ɗaukar nauyi. Wannan ne ya sa neman wani aiki zai tafi kafaɗa da kafaɗa da maganar rahoto, daga wannan makon. Tun Yulin 2025 an rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje, amma waɗanda ke ciki suna iya canza mai aiki, kuma ke kina da gogewar shekaru da masu buƙata ta musamman. A kowane yanki na Ingila akwai haɗin gwiwar ƙananan hukumomi da aka kafa don taimaka wa baƙin ma'aikatan kula da suka rasa mai ɗaukar nauyi, ki nemi na yankinku. Dokokin biza suna yawan sauyawa, don haka ki ji daga bakin lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar IAA, mai sa ido a kan masu ba da shawarar shige da fice. Kada ki ba kowa ko sisi don ya samo miki takardar ɗaukar nauyi, 'yan damfara sun yi wa 'yan uwanmu illa sosai ta nan.

Ga yadda zan so ki bi abin. Daga yau hannunki ba zai sake sauka a kan abin da bai faru ba. Ba sai kin yi faɗa ba, ki ce “ban ga ya fita ba, ba zan iya rubuta ya fita ba,” ki rubuta abin da ya faru. Ki samu ɗan littafi ki ajiye a gida, kina sa kwanan wata, lokaci, ma'aikata nawa ke bakin aiki, wa aka ba ƙwaya da ƙarfe nawa, me aka rubuta. Ki yi amfani da harafin farko na suna kawai. Kada ki ɗauki hoton kowa, kada ki kwashi takardun gidan, kada ki sa ko kalma ɗaya a WhatsApp ko TikTok. Sirrin mutanen nan amana ne, kuma da wannan kuskure ne ake samun hujjar korar mai gaskiya.

Sai ki kira Protect, ƙungiyar agaji ce da ke ba masu kwarmato shawarar doka kyauta kuma a asirce. Ki faɗa musu komai, har da sa hannun da kika yi da barazanar bizar, su taya ki tsara yadda za ki furta shi. Ba zan yi miki alkawarin cewa ba za a tambaye ki a kan sa hannun ba, za a tambaya. Amma gara ya fito daga bakinki tare da bayanin matsin da aka yi miki. Idan ba ki cikin ƙungiyar ƙwadago, irin UNISON ko GMB, ki shiga yanzu, kodayake ki sani sukan taƙaita taimako a kan matsalar da ta riga shigar mutum.

Daga nan ki aika wa manaja saƙon imel gajere mai ladabi, ki maimaita abin da kika faɗa mata da baki, ki sa shugaban da ke sama da ita idan tsarin kwarmato na kamfanin ya nuna haka. Kada ki zauna jiran amsa. Sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukumarku shi ne babbar ƙofa, domin sashe na 42 na dokar kulawa ta 2014 ya wajabta musu bincike idan suna da dalilin zargin ana cutar da irin waɗannan mutane ko ana sakaci da su, kuma su ne ke biyan kuɗin sa'o'in da ake ci. Ki kira su, ki kuma sanar da CQC ta hanyar da ta ware wa ma'aikata. Ki nemi lambar rahotonki, in mako ya wuce ba ki ji motsi ba ki sake kira. Kina iya ɓoye sunanki gaba ɗaya, amma a gida mai ma'aikata ƙalilan za a yi hasashe, kuma idan aka tsangwame ki zai yi wuya ki tabbatar cewa saboda rahoton ne. Na fi son ki ba hukuma sunanki ki roƙi kada a bayyana shi ga kamfani. Ki kuma gaya musu lokacin da abin ya fi muni, ko yamma ne ko ƙarshen mako, domin masu bincike na iya zuwa ba sanarwa.

Abokiyar aikinki, ke kika san ta. Idan kin amince ba za ta kai wa manaja zance ba, ki gaya mata ke kin daina sa hannu kuma za ki yi magana, ki ba ta dama ta bi ki, don shaidar mutum biyu ta fi ƙarfi kuma ita ma kariya ce gare ta. Idan kina shakka, kada ki faɗa mata komai tukuna. A rahotonki ki faɗi gaskiya cewa ma'aikatan ƙasa umarni ake ba su ana kuma tsorata su da biza. Wannan shi ne adalcin da za ki iya yi mata.

Mahaifiyar mutumin nan ce ta fi tsaya min a rai. Ba za ki buɗe mata sirrin sauran mazauna gidan ba, ba kuma za ki yi mata ƙarya ba. Idan ta tambaye ki ko ya fita wannan makon, ki ce a ranakun da kika yi aiki bai fita ba. Ki nuna mata cewa tana iya tambayar manaja sau nawa aka ba shi ƙwayar nan a wata guda, ta nemi likita ya sake duba magungunansa, ta tabbatar an yi masa binciken lafiya na shekara-shekara da ake yi wa masu wannan lalura, ta kuma kira jami'ar walwalarsa ta nemi a zauna a sake duba tsarin kulawarsa. Uwa ba ta da biza a hannun kowa, muryarta za ta kai inda taki ke tsoron kaiwa.

Wataƙila ki karanta duk wannan ki ce Anti, ni dai sai na samu wani aikin sannan zan iya. Na fahimta, kuma doka na kare tsohon ma'aikaci ma idan ya yi kwarmato bayan ya tafi. Amma abu biyu ba sa jira: likitan matar nan yau, da kiran sashen kare manya a kan ita da mai shan ƙwaya cikin kwanakin nan, ko da ba suna. Sauran kina iya bi a hankali. Idan kuma aka kore ki bagatatan, kada ki sa hannu a kowace takarda a wurin, ki kira Protect ko ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu aiki, a ranar, domin akwai buƙatar gaggawa da ake shigarwa kotun ma'aikata don a ci gaba da biyan albashi kafin shari'a, kuma kwana bakwai kacal ake da shi daga ranar kora.

Ki samu wata 'yar uwa a masallaci ko cikin 'yan garinku da za ki riƙa sauke mata nauyin zuciya ba tare da ambaton sunan kowa ba, in rashin barcin ya ci gaba ki ga likitanki ke ma. Allah ya tsare ki da iyalinki, ya ba matar nan lafiya. Ki sake rubuto min bayan likita ya gan ta, ki kuma gaya min yadda kuka yi da maigidan.